Yadda Za a Sa Masu Karatu Cikin Aikin Sake Fasalin Shafin Ɗakin Karatu na Intanet

Yawancin shafukan intanet na ɗakunan karatu da rumbunan bincike a manyan makarantunmu hanya ɗaya ake bi wajen sake musu fasali. A kafa kwamiti, a kira mai haɗa shafi, a buɗe masa shafukan jami'o'in Ingila da Amurka a ce irin wannan ake so, a ɗora hoton ƙofar makaranta da jawabin maraba na shugaba, a yi bikin ƙaddamarwa. Bayan wata guda ɗalibin da ke rubuta kundin kammala digiri yana nan yana roƙon 'yan ajinsu a WhatsApp ko akwai mai wata maƙala, alhali maƙalar tana cikin rumbun makarantarsu kyauta, ƙofar shiga ce bai gani ba. Ba kullum rashin kuɗi ke jawo haka ba. Sau da yawa abin da ya faru shi ne babu wanda ya zauna ya kalli yadda masu amfani da shafin ke fama da shi.

A Jos batun ba baƙo ba ne. Jami'ar Jos ta buɗe rumbun ajiyar bincikenta a 2009 a kan DSpace, manhajar adana maƙalu da kundaye a intanet, tana cikin na sahun farko a Nijeriya, kuma gobarar da ta ci ɗakin karatunta na Naraguta a watan Oktoban 2016 ta sa kowa ya ga darajar abin da aka adana a kwamfuta. Ga likitoci masu neman ƙwarewa a asibitin koyarwa na Lamingo, ga masu binciken cututtukan dabbobi a Vom, ga ɗaliban Bokkos da Barkin Ladi. Duk waɗannan masu neman maƙala ne, amma ba iri ɗaya suke nema ba. Wannan jagora ta ma'aikatan ɗakin karatu ce, da 'yan sashen kwamfuta, da editocin mujallun tsangaya, duk wanda aka ɗora wa gyaran irin wannan shafi.

Da farko, ku tsai da abin da ake son gyarawa

"Shafin ya tsufa" ba matsala ba ce da za a iya aunawa. Ku rubuta ayyuka 4 ko 5 da ya wajaba mutum ya iya yi a shafin ba tare da ya tambayi kowa ba: ya nemo kundin digiri na sashensa, ya shiga rumbunan mujallun bincike na intanet irin su JSTOR ko Research4Life daga gida, ya duba ko wani littafi yana kan kanta, ya ɗora maƙalarsa a rumbu, ya san lokacin da ake buɗe ɗakin karatu. Ku kai wa shugaban ɗakin karatu wannan takarda ya sa hannu, tare da sharaɗi ɗaya a rubuce: idan ra'ayin kwamiti ya saɓa da abin da gwaji ya nuna, gwaji za a bi. In ba a samu wannan tun farko ba, ranar da wani babba ya ce hotonsa yake so a saman shafi, babu mai bakin musa masa.

Ku bi sawu kafin ku kira kowa

Mutane sun riga sun bar muku shaida. Idan shafin yana da manhajar ƙidayar baƙi irin su Google Analytics ko Matomo, ku duba abu uku: kashi nawa ke shigowa ta waya, wane shafi suka fi sauka a kai, kuma daga ina suka fito. Za ku iya tarar da cewa da yawa ba ta shafin farko suke shigowa ba, daga Google Scholar, injin neman maƙalun bincike, suke faɗowa kai tsaye kan wata maƙala. In haka ne, shafin maƙala shi ne ainihin zaurenku, shi ya fi cancantar gyara, ba shafin farkon da kwamiti ke ta muhawara a kansa ba.

Ku fito da jerin kalmomin da aka rubuta a akwatin nema, musamman waɗanda ba su ba da sakamako ko ɗaya ba. Sannan ku ajiye littafi a teburin karɓar tambayoyi na mako 2, duk tambayar da aka yi a rubuta ta da kalmomin mai tambayar, ba da kalmomin ma'aikaci ba. Masu gadin ƙofa da masu shagon buga takardu na bakin makaranta ma ku zauna da su. Su ɗalibai ke kai wa kuka idan abu ya ƙi saukowa, kuma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Su wa za a gayyata

Abu mafi sauƙi shi ne a tara ɗaliban da kullum ke zaune a ɗakin karatu. Kuskure ne, domin su sun riga sun haddace lungunan tsohon shafin. Ku nemi ɗan aji ɗaya da bai taɓa buɗe shafin ba, da ɗan ajin ƙarshe da kundi ya sha masa kai, da mai digiri na biyu da ke aiki a Bukuru ko Pankshin yana karatu da dare a waya, da lakcara matashi mai neman ƙarin girma, da farfesan da sai dai ya sa a buga masa a takarda. Ku sa mata daidai da maza. Ku sa makaho ko mai raunin gani aƙalla ɗaya, kuma a Filato samun su ba wuya: makarantar makafi ta Gindiri tana nan tun 1953, Jami'ar Jos kuma ta daɗe da sashen ilimin masu buƙata ta musamman.

Lokaci yana da muhimmanci. Kada ku sa gwaji a makon jarrabawa, ko ranar Juma'a da rana, ko Lahadi, ko yamma liƙis da mai komawa Unguwar Rogo ko Rayfield zai fara tunanin abin hawa. Ku biya kuɗin mota, ku ba da katin data. Ba cin hanci ba ne, lokacinsu kuka ci.

Kafin a fara, kowa ya san abin da za a ɗauka da inda za a kai shi, ya kuma amince a rubuce. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ta shafi makarantu ma. Hanya mafi aminci ita ce a ba kowa lamba maimakon suna, a ɗauki allon waya da murya kawai ban da fuska, a goge bayan an gama rahoto. Idan kuna da niyyar wallafa sakamakon a mujalla, ku bi ta kwamitin ɗa'ar bincike tukuna.

Gwajin tsohon shafi, inda aikin yake

A nan ya kamata ku fi daɗewa. Dalili kuwa shi ne tarbiyyarmu. Ɗalibin da aka rene shi da kunya da kara, idan ma'aikaci mai furfura ya nuna masa shafi ya ce "ya ka gani?", amsar ɗaya ce: "Ya yi kyau sosai, Malam." Ba ƙarya yake nufi ba, ladabi ne. Takardar tambayoyi ma haka take dawowa cike da yabo. Saboda haka kada ku tambayi ra'ayi. Ku ba shi aiki, ku yi shiru, ku kalli yatsansa.

Mutum ɗaya-ɗaya ake yi, minti 30 zuwa 40. Mutum biyu ne daga ɓangarenku: mai jagorantar zaman da mai rubutu. Malamin da ke duba kundin ɗalibin kada ya shigo ɗakin, haka shugaban sashe. Mai haɗa shafin ya kalla, amma da sharaɗin ba zai ce uffan ba. Idan ɗaliba ta fi sakewa da mace, mace ta jagoranta. Mai jagora ya buɗe da magana kamar haka: "Ɗan'uwa, ba kai muke gwadawa ba, shafin muke gwadawa. Ba ni na haɗa shi ba, don haka duk abin da ka faɗa ba zai ɓata min rai ba. In ka maƙale, laifin shafin ne, kuma abin da muke nema ke nan." Ga farfesa kuwa sai a sauya harshe: "Ranka ya daɗe, so muke mu ga inda shafin nan ke ɓata maka lokaci."

A yi gwajin a wayar mutumin, da layinsa, ba a kwamfutar ofis mai intanet mai ƙarfi ba. Shafin da ke buɗewa nan take a ofishin sashen kwamfuta yana iya cin minti guda a ɗakin kwanan ɗalibai, kuma a wannan mintin ne mutum ke haƙura ya koma Google.

Yadda aka rubuta aikin ma yana iya ɓata gwajin. Idan kuka ce "shiga rumbun ajiya ka nemo kundi", kun riga kun faɗa masa maɓallin da zai danna. Ku ce: "Malaminka ya ce akwai wanda ya yi bincike kan noman dankalin Turawa a Mangu a makarantar nan. Nemo min shi ka sauke." Ko kuma: "Kana gida da dare, kana son wata maƙala kan zazzaɓin Lassa, shafin mujallar ya ce sai ka biya dala. Me za ka yi?" Ku roƙe shi ya riƙa faɗin abin da ke ransa yana aiki, da Hausa ko Turanci ko gauraye, duk wanda ya fi masa. In ya yi shiru, tambaya ɗaya ce halal: "Me kake nema yanzu?" In ya ce "nan zan danna?", amsa ita ce "kai me ka gani?" Zuciya za ta yi ta ingiza ku ku nuna masa. Ku daure. Idan ya kai minti 5 bai samu ba, ku rubuta bai samu ba, ku gode masa, ku wuce aiki na gaba.

Mai rubutu ya kama abu huɗu a kan kowane aiki: ya gama ko bai gama ba, tsawon lokacin, inda ya fara dannawa, da ainihin kalmomin da ya furta.

Mutum nawa? Jakob Nielsen, masanin da ya yi suna a wannan fage, ya bayyana a 2000 cewa mutum 5 kan fito da kusan kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi, kuma gwaji ƙanana sau uku ya fi babba sau ɗaya. Amma lissafin na mutane masu kama da juna ne. Ɗan aji ɗaya da farfesa ba rukuni ɗaya ba ne, don haka ku ɗauki 3 zuwa 5 daga kowane rukuni. Da kanku za ku lura cewa daga mutum na huɗu tuntuɓen ya fara maimaituwa a wuri ɗaya.

Rarraba katuna

Shafukan ɗakunan karatu kan bi tsarin ofisoshi: sashen mujallu, sashen sarrafa littattafai, sashen ajiyar musamman. Mai karatu bai san waɗannan ba, kuma ba dole ne ya sani ba. Ku yanka kwali zuwa katuna 30 ko 40, a rubuta abu ɗaya a kan kowanne: tsofaffin takardun jarrabawa, kundayen digiri, sabunta aron littafi, AJOL (rumbun mujallun Afirka), Hinari (na mujallun lafiya), yadda ake rubuta manazarta, lambar wayar ma'aikaci. Ku ba mutum ya kasa su kashi-kashi yadda hankalinsa ya ba shi, ya raɗa wa kowane kashi suna. Kamar mutum 15 sun isa a ga inda aka yi tarayya. Ku ɗauki hoton kowane kasafi kafin a tattara.

Daga nan jerin zaɓin sabon shafi zai fito. Gajerun sunayen da ma'aikata suka saba da su, irin su OPAC, wato jerin littattafan ɗakin karatu da ake nema a kwamfuta, za ku ga ɗalibai na ture katinsu gefe. Abin da za a rubuta a maɓalli shi ne aikin da yake yi: nemi littafi.

Zane a takarda kafin a taɓa kwamfuta

Ku zana allon waya a farar takarda da biro, shafi-shafi. Mutum ya "danna" da yatsa, ɗayanku ya sauya masa takarda. Mutane sun fi sakin baki a kan zanen biro, saboda sun ga ba a sha wahala a kansa ba, ba za su ji nauyin kushe shi ba. Gyara kuma na minti biyu ne. Sai bayan zagaye 2 ko 3 na wannan za a ba mai haɗa shafi ya yi samfurin da ake dannawa, a maimaita ayyukan nan dai na farko da sababbin mutane.

Abin da ya shafi rubutunmu

Wannan ba za ku same shi a shafin wata jami'ar Turai da kuke kwaikwayo ba. Kundayen sashen harsuna da tarihi da addini suna ɗauke da haruffa masu lanƙwasa, ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Wani ya shigar da take da "ƙasar", wani ya buga "kasar", tsofaffin da aka buga da tafireta kuma wani lokaci "k'asar". Mai nema a waya galibi ba lanƙwasa zai rubuta. Ku sa wannan cikin ayyukan gwaji. Idan neman bai haɗo su duka ba, injin neman DSpace, wato Solr, ana iya saita shi ya ɗauki ƙ da k a matsayin harafi ɗaya lokacin nema, take kuma ya ci gaba da fitowa da rubutunsa na daidai. Ku duba ma ko salon haruffan da aka zaɓa wa shafin yana nuna su, ba ƙananan akwatuna ba.

Sunaye ma haka. Marubuci ɗaya na iya fitowa a matsayin Muhammad da Mohammed da Muhammadu, aikinsa ya warwatse gida uku. ORCID, lambar shaidar mai bincike mai alƙaluma 16, kyauta ake yin ta, kuma ita ce ke haɗe su. In rumbunku na da hotunan rubuce-rubucen ajami ko Larabci, irin waɗanda gidan tarihi na Jos ke adanawa, ku gayyato malamin da ke karanta su ya gwada: shin take yana tafiya daga dama zuwa hagu daidai, kuma ana iya faɗaɗa hoton har a ga wasulla?

Masu raunin gani

Ku zauna da makaho yana amfani da manhajar da ke karanta allo da murya, NVDA a kwamfuta ko TalkBack a wayar Android, ku saurari abin da manhajar ke karanta masa. Hoton da ba a rubuta masa bayani ba, da maɓallin da ba shi da suna, nan take za su bayyana. Babbar matsalar rumbunanmu ita ce kundin da aka ɗauki hotonsa aka mayar PDF ba tare da an bi shi da manhajar da ke mayar da hoton rubutu zuwa haruffa ba. Ga makaho wannan farar takarda ce, ga injin nema ma haka. Ƙa'idojin WCAG na sauƙaƙa wa masu nakasa amfani da shafukan intanet, waɗanda bugu na 2.2 nasu ya fito a 2023, sun nemi bambancin haske tsakanin rubutu da bango ya kai 4.5 bisa 1, abin da ke amfanar duk mai karatu a waya a tsakar rana. Dokar hana wariya ga masu nakasa, da aka sa wa hannu a Janairun 2019, hujja ce da za ku iya kai wa hukumar makaranta idan aka ce babu kuɗin wannan.

Idan buƙatu suka ci karo

Za su ci. Farfesa yana son neman da ke da gurabe goma na tacewa, ɗan aji ɗaya yana son akwati ɗaya. A nan mafita mai sauƙi ce, akwati ɗaya a gaba, mahaɗin nema mai zurfi a ƙarƙashinsa. Inda ba ta da sauƙi, ku jera matsalolin bisa tambaya biyu: mutum nawa ta kama, kuma ta hana su gama aikin ne ko jinkirta su kawai ta yi? Wadda ta hana mutum 4 cikin 5 shiga Research4Life daga gida ta riga launin da shugaban tsangaya bai so ba. A taron kwamiti kada ku karanta dogon rahoto. Ku kunna minti 2 na allon waya, ana jin muryar ɗaliba tana cewa "wallahi ban ga inda zan shiga ba." Ya fi shafi ashirin tasiri.

Ku kuma san iyakarku. Fuskar JSTOR ko AJOL ba taku ba ce, ba za ku sauya ta ba. Abin da ke hannunku shi ne hanyar da ke kai mutum can, da bayanin layi biyu a kan abin da zai tarar: a cikin Research4Life, Hinari na lafiya ne, AGORA na noma, OARE na muhalli. Ku rubuta girman kowane fayil kusa da maɓallin saukewa, domin mai sauran data kaɗan ya san abin da zai shiga.

Ƙaddamarwa da abin da ke biyo baya

Abin da aka fi mantawa shi ne tsofaffin adireshi. Maƙalun rumbunku an riga an ambace su a manazartar wasu, Google Scholar ma ya riƙe su. Idan sabon shafi ya sauya adireshi ba tare da an tura tsohon zuwa sabon ba, duk waɗannan hanyoyi sun mutu rana ɗaya. Ku sa a yarjejeniyar mai haɗa shafi cewa kowane tsohon adireshi zai yi turawa ta dindindin, wadda ake kira 301, kuma lambobin Handle da DOI, wato lambobin dindindin da ake gane kowace maƙala da su, ba za a taɓa su ba. Ku zaɓi adireshi 50 da aka fi ziyarta ku gwada su da hannu ranar da aka sauya.

Ku ƙaddamar a lokacin hutu ko farkon zango, ba lokacin da ake tseren miƙa kundi ba. Mako 2 bayan haka ku maimaita ayyukan farko da sababbin mutane, ku kwatanta: nawa suka gama a da, nawa yanzu, cikin minti nawa. Masu son maki ɗaya da za su kai wa hukuma suna iya amfani da ma'aunin sauƙin amfani da shafi, wato SUS, na John Brooke, na 1986, mai jimloli 10, wanda matsakaicin makinsa ya kai kusan 68 cikin 100. In kun fassara jimlolin zuwa Hausa, ku kwatanta makin tsohon shafinku da na sabo kawai, kada ku jingina da 68 ɗin, kuma ku tuna kara na iya ɗaga makin.

Waɗanda suka ba ku lokacinsu ku koma musu da saƙo: ga abu biyar da kuka nuna mana, mun gyara uku, ɗaya sai zango mai zuwa, ɗaya ba a hannunmu yake ba. Daga cikinsu ku riƙe 8 ko 10 da suka yarda a sake kiransu, ku riƙa sauya su duk shekara tunda ɗalibai na kammalawa. A sa safiya ɗaya a kowane wata cikin jadawalin aikin wani ma'aikaci takamaimai, da sunansa, ya gwada mutum 3, ya duba jerin neman da bai ba da sakamako ba, ya miƙa wa mai kula da shafin gyara ɗaya ko biyu kafin wata ya ƙare.